Ƙurar Birki: Abin Da Ke Baƙanta Wilin Mota Da Yadda Ake Cire Shi Ba Tare Da Ɓarna Ba

A kusan kowane wajen wankin mota a biranen Nijeriya akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin mai mota da mai wanki. Jikin mota ya fita fes, gilasai suna ƙyalli, amma ƙafafun gaba suna nan da baƙi-baƙi a lungunan wili, da wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa da suka ƙi bin kumfa. Mai mota yana ganin ha'inci aka yi masa. Mai wanki kuwa, don ya wanke kansa, sai ya ɗauko soson ƙarfe ko wata jarka mai ruwan asid. Cikin mintuna kaɗan wili ya yi fari tas, a rabu ana godiya. Sai bayan 'yan watanni fentin ya dusashe ya fara ɓarewa, baƙin da aka kora kuma ya dawo ya kama fiye da da.

Wannan baƙin shi ne ƙurar birki. Tushen matsalar shi ne ana ɗaukarta a matsayin datti irin na laka ko ƙurar hanya, alhali mafi yawanta garin ƙarfe ne da ya sauka a kan wili da zafinsa. Wanda ya gane haka zai gane dalilin da ya sa dirza ba ta maganinta, da kuma dalilin da ya sa hanyoyin gaggawa suke jawo asarar wilin da kuɗinsa ya ninka kuɗin wanki sau da yawa.

Daga ina ƙurar take fitowa?

Yawancin ƙananan motoci na yanzu suna da birki mai faifai a ƙafafun gaba, wasu kuma a dukkan ƙafafu huɗu. Faifan, wanda kanikawa ke kira diski, na baƙin ƙarfe ne na zubi, kuma yana juyawa tare da taya. Idan direba ya taka birki, wani mariƙi da ake kira kalifa yakan matse takalman birki biyu a jikin faifan, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Gogayyar da ke tsakaninsu ita ke tsayar da mota, kuma duk ƙarfin gudun motar yana komawa zafi ne a wannan ɗan wuri.

Zafin ba kaɗan ba ne. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a sa'a guda, wato iyakar gudun da dokar hanya ta yarje wa motocin gida a manyan tagwayen hanyoyin ƙasar nan, idan ta tsaya cak sau ɗaya takan saki zafin da ya isa ya kai ruwa kusan lita biyu ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan gudu ya ninka sau biyu, zafin yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa a gangara mai tsawo, ko a birkin gaggawa da aka maimaita, zafin faifai yana iya haura digiri 500 a ma'aunin Salsiyas.

A kowane taku, faifan da takalmin suna cin juna. Abin da ya zube daga faifan ƙarfe ne zalla. Abin da ya zube daga takalmin kuwa gauraye ne na zaren ƙarfe, da gawayi, da tagulla a wasu nau'o'in, da ƙaron da aka haɗe su da shi. Nauyin mota yana rinjaya gaba yayin tsayawa, saboda haka birkin gaba ne ke ɗaukar kusan kashi biyu bisa uku na aikin, ko ma fiye. Wannan ne ya sa ƙafafun gaba suka fi yin baƙi. A motocin da birkin bayansu na ganga ne, ƙurar takan tsaya a cikin gangar, sai a ga wilin baya fes alhali na gaba ya yi duhu.

Me ya sa take kamawa?

Wilin da direbobi ke kira aloyi na alminiyum ne da aka gauraya da silikon kimanin kashi 7 cikin 100 da ɗan magniziyam. Ƙyallin da ido ke gani a jikinsa, a mafi yawan motoci, na fenti ne. Akwai fentin share fage a ƙasa, sai mai launin azurfa ko baƙi, kana a sama wani rufi garai-garai kamar gilashi wanda ke kare sauran daga ruwa da rana. Duk waɗannan a haɗe ba su kai kaurin rabin milimita ba. Wannan siririn ɓawo shi ne rayuwar wilin, kuma shi ne abin da kowane wanki ya kamata ya kiyaye.

Garin ƙarfen da ke fita daga birki yana da kaifi, ƙaron da ke tare da shi kuma yana da danƙo idan ya ji zafi. Idan suka sauka a kan wili, wanda shi ma ya ɗauki ɗumi daga faifai, sai su lafe. A kwanakin farko ruwa da sabulu sun isa su kawar da su. Amma kowace tafiya tana ƙara gasa abin da ya taru, har ƙwayoyin ƙarfen su nutsa cikin rufin fentin. Da zarar ruwan sama ko raɓa ya same su sai su fara tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, don haka kowace ƙwaya tana buɗa ramin da take ciki. Ɗige-ɗigen nan masu ruwan ƙasa da ake gani, kowannensu ƙwayar ƙarfe ce da ta yi tsatsa a cikin fenti.

Idan ramin ya kai ga alminiyum, aiki ya canza. Ƙarfe da alminiyum idan suka haɗu a wurin da ke da laima, alminiyum ɗin ne ke zagwanyewa. Sai a ga wani farin gari yana bin ƙarƙashin fenti kamar sawun tsutsa, fentin yana kumbura yana ɓallewa. Ɓarnar ba ta tsaya ga ado ba. Idan zagwanyewar ta kai bakin wili inda taya marar tif ke zama, iska takan riƙa zurarewa a hankali, mai mota ya yi ta zarya wajen mai faci ana neman ƙusar da babu ita. Taya mai ƙarancin iska kuwa tana yin zafi a doguwar tafiya, kuma hakan na cikin abubuwan da ke jawo fashewarta.

Yanayin hanyoyin ƙasar nan yana ƙara wa matsalar ƙarfi. Mai bin gadar Third Mainland a Legas, ko hanyar Mararraba da Nyanya zuwa cikin Abuja da safe, yana taka birki ɗaruruwan sau kafin ya kai wurin aiki. Mai gangarowa Hawan Kibo daga Jos yana gasa birkinsa na tsawon lokaci. A Legas da Fatakwal da Warri da Kalaba, laima da gishirin iskar teku suna hanzarta tsatsa. A Arewa kuma, ƙurar hunturu tana hawa kan ta birki, kuma idan aka goge su a bushe da tsumma sai su zama kamar sanfefa a jikin fenti. Daɗin daɗawa, motocin tokumbo da yawa sun fito ne daga yankunan Amurka da Kanada da Turai inda ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, saboda haka wasu suna isowa da zagwanyewar ta riga ta fara.

Abubuwan da bai kamata su taɓa wili ba

Na farko shi ne soson ƙarfe, da duk wani soso mai kaushi na wanke tukwane, da yashi ko toka. Suna cire baƙin ne ta hanyar kankare rufin da yake ciki. Wilin zai yi haske a ranar, amma an bar shi da dubban ƙananan zane waɗanda sabuwar ƙura za ta samu wurin zama a cikinsu. Soson ƙarfe ma yakan bar nasa ɓurɓushin, wanda shi ma zai yi tsatsa.

Na biyu shi ne asid mai ƙarfi, kamar ruwan batir da magungunan wanke masai. Mafi haɗari a cikinsu shi ne asid ɗin haidrofulorik, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan HF, da ɗan'uwansa amoniyam baifulorayid. Ana samun su a wasu magungunan da ake sayarwa don haskaka alminiyum da wilin manyan motoci. Wannan asid yana cin gilashi. Idan ya taɓa fata yana ratsawa ciki ya janye sinadarin kalsiyam daga nama da jini, kuma idan an tsarma shi da ruwa zafin ƙunar yana iya jinkirta har tsawon sa'o'i 24, lokacin da ɓarnar ta riga ta yi nisa. Yaron da ke wanki hannu tsirara, da silifas a ƙafa, shi ne ya fi kowa shiga wannan haɗari. Duk wanda irin wannan ruwa ya taɓa, a wanke wurin da ruwa mai yawa nan take, a tuɓe tufar da ta jiƙe, a garzaya asibiti da jarkar a hannu ko da bai ji zafi ba, domin akwai magani na musamman da ake shafawa, wato kalsiyam gulukonet. Jarkar da ba ta da takardar bayanin abin da ke cikinta ba ta cancanci a kusanto da ita mota ko jikin mutum ba.

Na uku shi ne soda mai ƙuna, wadda ake haɗa sabulu da ita, da magungunan wanke tanda da ke ɗauke da ita. Alminiyum na cikin ƙarafan da asid da soda duka suke ci. Inda duk fenti ya ɗan ƙwarzane, soda za ta shiga ta bar tabo fari ko toka-toka wanda ba ya fita. Omo mai yawa da aka bari ya bushe a rana shi ma yana dusar da rufin fenti sannu a hankali. Bilic ba ya narkar da ƙarfe, kuma idan aka gauraya shi da asid yakan saki iskar kulorin mai illa ga huhu.

Fetur da kananzir da man gas suna narkar da maiƙo da ɗigon kwalta, amma ba su da tasiri a kan garin ƙarfe. Suna lalata robar taya, kuma idan suka kai ga faifai ko takalmin birki suna rage kamunsa. Wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa garin neman gira a rasa ido.

A san irin wilin kafin a fara

Mafi yawan wilin da ke zuwa da mota daga kamfani mai fenti ne da rufi a sama, kuma shi ya fi jure wanki. Akwai wanda aka feƙe fuskarsa da inji har ƙarfen yana walƙiya, aka bar lungunan da baƙin fenti. Rufin wannan nau'in siriri ne a gefuna, kuma shi ne ya fi saurin yin farin sawun nan idan ya samu rauni. Akwai alminiyum tsurarsa da aka goge ba tare da rufi ba, wanda ko ruwan lemun tsami yana iya bar masa tabo. Akwai kuma baƙi marar sheƙi, wanda ba a goga masa man sa ƙyalli domin yakan yi dabbare-dabbare.

Hanyar gane alminiyum tsura mai sauƙi ce. A ɗiga ɗan man goge ƙarfe a farin ƙyalle, a murza a wani ɓoyayyen wuri. Idan ƙyallen ya yi baƙi, babu rufi a wurin. Kowane sabon magani ma haka ya kamata a fara gwada shi a lungun da ido ba ya kaiwa.

Yadda ake wankin

Ƙa'idar ita ce a fara da mafi sauƙi, kada a hau mataki na gaba sai na baya ya gaza.

Da farko a ajiye mota a inuwa a bar ƙafafun su huce, har mutum ya iya ɗora tafin hannunsa a kan wili ba tare da jin zafi ba. Watsa ruwan sanyi a faifai mai zafi yana iya sa ya tsage ko ya karkace. Magani kuma idan ya sauka a wili mai zafi yakan bushe nan take ya bar tabo. Sassafe ko bayan la'asar sun fi dacewa.

A tanadi bokiti da buroshi da ƙyallen da ƙafafu kaɗai ake wankewa da su, domin soson da ya taɓa wili idan ya koma jikin mota zai zane fentinta da garin ƙarfe. Ana buƙatar buroshi mai laushi na fuskar wili, da siriri mai tsawo da zai shiga tsakanin ƙafafun wilin ya kai ciki, da ƙarami irin na fenti ko tsohon buroshin haƙori domin ramukan noti. A sa safar hannu ta roba, a kare ido da tabarau.

A fara da kwara ruwa sosai, da tiyo ko injin feshi, don yashi da ƙurar da ba ta kama ba su sauka kafin wani abu ya gogi fentin. Sa'annan a wanke da sabulun wankin mota, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, ana yawan ɗauraye buroshi. A kula da 'yan ƙarafan da masu daidaita taya ke mannawa a cikin wili, kada buroshi ya ɓalle su, domin rashinsu yana sa sitiyari rawa a kan gudu. A ɗauraye, a tsane da ƙyalle mai laushi. Barin ruwa ya bushe da kansa yana barin farin tabo, musamman ruwan rijiya ko na burtsatse mai ɗauke da ma'adinai.

Ga motar da ake wanke wa ƙafafu kowane mako, aikin ya ƙare a nan.

Idan tabo ya ƙi fita

Bayan wanki a shafa yatsa a kan wilin. Idan an ji kaushi kamar yashi, ko ana ganin ɗige-ɗigen tsatsa, ƙarfen ya nutsa, kuma abin da ake buƙata shi ne maganin da ke narkar da ƙarfe ba tare da ya ci fenti ba. Ana sayar da irinsa a shagunan kayan gyaran jikin mota a manyan birane. Sinadarin da ke aikin a cikinsa shi ne tayogilaikolet, dangin wanda ke cikin man cire gashi, kuma shi ya sa yake warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin dubawa a jikin kwalbar shi ne bayanin cewa ba ya ɗauke da asid, da lambar pH da ke kusa da 7, wato tsaka-tsaki.

Ana fesa shi a wili mai sanyi wanda aka riga aka wanke. Cikin minti ɗaya ko biyu sai a ga ruwa ja mai duhu, kamar na zoɓo, yana gangarowa daga kowane ɗigo. Launin alama ce ta cewa maganin ya kama ƙarfen ya mayar da shi abin da ruwa zai iya ɗauka. A bar shi iya lokacin da aka rubuta a kwalbar, wanda yawanci minti uku zuwa biyar ne, a motsa shi da buroshi mai laushi, kana a ɗauraye da ruwa mai yawa kafin ya bushe. Wilin da ya shekara ba a kula da shi ba yana iya buƙatar a maimaita sau biyu ko uku. Idan aka fesa ba a ga launin ba, ƙarfen ya ƙare. Maimaita gajeren zagaye ya fi barin maganin ya daɗe, domin sannu ba ta hana zuwa. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa.

Baƙaƙen ɗigo masu danƙo da suka rage bayan haka yawanci kwalta ce, kuma tana da nata maganin dabam wanda ake ɗigawa a ƙyalle a dangwala a wurin kaɗai. Idan har yanzu ana jin ɗan kaushi, akwai wani yumɓu na roba da masu gyaran fenti ke amfani da shi. Ana jiƙa wurin da ruwan sabulu sosai, a riƙa zamar da yumɓun a hankali yana tsince abin da ya maƙale, ana ninke shi don a samu fuska mai tsabta. Idan ya faɗi ƙasa a jefar da shi, domin ya ɗebi yashi.

Mafi yawan ƙurar tana taruwa ne a cikin wili, inda buroshi ba ya kaiwa sosai. Sau ɗaya ko biyu a shekara yana da kyau a kwance ƙafar a wanke ta ciki da waje. A tokare motar da abin tokara mai ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai. Wajen mayarwa a ɗaure noti a gicciye, ɗaya da na tsallakensa, gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa.

Akwai iyakar abin da wanki zai iya. Inda fenti ya kumbura, ko ya ɓare, ko farin sawun ya bayyana a ƙarƙashinsa, babu maganin da zai dawo da shi. Sai dai a kai wa masu fenti su kankare su sake rufewa. Wilin da ya tsage ko ya lanƙwashe sakamakon faɗawa rami kuwa maganarsa ta wuce ado, kuma canza shi ya fi aminci.

Bayan kowane wanki, a taka birki a hankali sau da yawa a farkon tafiya don faifai ya bushe. Jan tsatsar da ke bayyana a fuskar faifai bayan wanki ba abin damuwa ba ce, takun farko zai share ta. Man da ake shafa wa taya don ta yi baƙi, a sa shi da soso maimakon feshi, don kada ya kai ga birki.

Abin da ƙurar ke faɗa game da birki

Kafin a wanke ƙafafu yana da amfani a tsaya a dube su. Ƙafafun gaba biyu ya kamata baƙinsu ya zo ɗaya. Idan ɗaya ta fi ɗayar baƙi ƙwarai, ko ta fi zafi bayan gajeriyar tafiya, ko ana jin ƙauri daga gare ta, mai yiwuwa kalifa ta cije, takalmin bai saki faifai ba. Irin wannan yana sa mota ja gefe yayin birki, yana ƙara shan mai, yana kuma cinye takalmi da wuri. Idan baƙin jiƙaƙƙe ne mai maiƙo, ana zargin yoyon man birki ko fashewar robar da ke riƙe giris a shaf. Man birki yana cin fenti, kuma yoyonsa matsala ce da ba ta jiran gobe.

Ta tsakanin ƙafafun wili ana iya hango kaurin takalmin a motoci da yawa. Idan ya ragu zuwa kimanin milimita 3, lokacin canji ya yi. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe tana nufin ya ƙare gaba ɗaya, faifai ake ci. Idan ƙura ta ƙaru ƙwarai bayan an sa sabon takalmi, a tuhumi ingancinsa. Kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas, da Apo a Abuja, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna suna da kaya hawa-hawa, kuma birki ba wurin neman araha ba ne. Takalmi mai yawan ƙarfe yana jure zafi da kaya amma yana zubar da baƙar ƙura mai yawa. Wanda ake kira siramik ƙurarsa kaɗan ce kuma mai haske, sai dai ya fi tsada. Wanda ya dace shi ne wanda ya yi daidai da ƙa'idar kamfanin da ya ƙera motar. Yawan ƙura kaɗai ba shaidar rashin inganci ba ne, domin motocin Turai da yawa suna zuwa da takalmi mai kamu sosai mai kuma yawan ƙura.

Lafiyar mai wanki da muhalli

Wani kaso na ƙurar birki ba ya sauka a wili, iska yake bi, kuma ƙanƙantarsa ta isa ya shiga huhu. A da ana yin takalmin birki da asbestos, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa dukkan nau'o'insa suna jawo ciwon daji. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya daga 2005, Amurka kuma ta sanar da haramta nau'in da ya rage a watan Maris na 2024. Ido ba ya iya gane takalmin da ke ɗauke da shi, saboda haka bai kamata bakanike ko mai wanki ya busa birki da iskar kwamfiresa ko ya kakkaɓe shi a bushe ba. A jiƙa shi tukuna, a share da ƙyalle mai laima.

A 2024 Tarayyar Turai ta amince da dokar Euro 7, wadda a karon farko ta sa iyaka ga ƙurar birki: miligiram 7 a kowace kilomita ga yawancin ƙananan motoci, da miligiram 3 ga masu amfani da lantarki zalla. Tun a 2010 jihohin Kalifoniya da Washinton na Amurka suka yi dokar rage tagulla a takalmin birki, saboda ruwan sama yana wanke ta zuwa rafuka inda take cutar da kifaye. Darasin ga masu wankin mota a nan shi ne kada ruwan wankin ƙafafu ya gangara rijiya, ko kududdufin da dabbobi ke sha, ko fadamar da ake noman kayan miya.

Yadda za a rage taruwarta

Bayan an tsabtace wili ya bushe, a shafa masa kakin fenti ko wani maganin rufi da aka yi don wili. Yana cike ƙananan ramuka, ƙura ta rasa wurin kamawa. Kaki ba ya daɗewa saboda zafi, sai an sabunta shi bayan 'yan makonni. Rufin da ake kira siramik yana kai watanni da yawa idan an yi shi daidai.

Tuƙi ma yana da nasa rabon. Direban da ke barin tazara, yana ɗage ƙafa daga totur tun daga nesa, ba ya cin birki kamar mai bin bayan mota kurkusa. A gangara mai tsawo a sa ƙaramar giya don inji ya taimaka wajen riƙe mota. Sakin mota a firi don tattalin mai yana ɗora dukkan nauyin a kan birki, kuma birkin da ya yi zafi fiye da kima kamunsa yana raguwa a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, da na lantarki zalla, suna rage gudu da injinsu na lantarki a mafi yawan lokaci, shi ya sa wilinsu ba ya saurin baƙi.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri shi ne wanki a kan kari. Ƙurar mako ɗaya ruwa da sabulu ne maganinta, cikin mintuna goma. Ta wata shida sai da magani na musamman da haƙuri. Ta shekaru kuwa sau da yawa sai mai fenti. Mai motar da ke kai wanki yana da haƙƙin ya tambayi abin da za a zuba wa ƙafafun motarsa, ya nemi ganin kwalbar, ya kuma hana soson ƙarfe ko da hakan zai sa wani tabo ya kwana. Tabon da ya kwana ana iya cire shi mako mai zuwa, amma rufin da aka kankare ba ya dawowa sai an biya mai fenti.